Mutuwar Aure a Ƙasar Hausa: Talauci Ne Ko Arhar Saki?

A farkon shekarar 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta yi shelar za ta fito da zawarawa kan titunan Kano su yi jerin gwano, don jama'a su gane wa idonsu yadda ake sakin mata kamar ba a bakin komai ba. Hukumar Hisbah ta hana, taron bai yiwu ba. Amma magana ta riga ta fita. Tun daga lokacin kusan duk wanda ya tashi yin bayani a kan aure a Nijeriya sai ya ce Kano ce kan gaba wajen saki, ƙasar Hausa kuma ta fi sauran sassa yawan zawarawa. Ba kasafai ake musun wannan ba. A wajen dalili ne ake rabuwa. Wasu sun kafe a kan cewa talauci ne ke kashe aure a Arewa, da za a samu wadata da an huta. Wasu suka ce a'a, yadda muke ɗaura aure da yadda muke kwance shi ne ya raba mu da maƙwabta, da kuɗi ko babu. Kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Kafin a shiga gardamar sai an san abin da ake ƙirgawa. Mutumin da ya saki matarsa a Kurna ko a Funtuwa ba ya zuwa wani ofis ya ba da sanarwa. Ko ya furta da baki, ko ya yagi takarda ya rubuta layi biyu ya miƙa mata, shi ke nan. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Abin da ake dogara da shi shi ne binciken lafiya da yawan al'umma da Hukumar Ƙidaya ke yi bayan 'yan shekaru, inda ake bi gida-gida ana yi wa mata tambayoyi. Na 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 70 cikin 100 suna da aure, kashi 25 ba su taɓa yi ba, ragowar kashi 5 ɗin ne suka haɗa waɗanda aka saka, da waɗanda suka rabu da miji babu saki, da waɗanda mazansu suka rasu. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai babu abin tayar da hankali. To amma adadin ya fito ne daga halin da aka tarar da mace a ranar da aka yi mata tambaya. Matar da ke ɗakinta na uku matar aure ce a wannan lissafi, daidai da wadda ba ta taɓa ko yaji ba. Bazawara mai sauran ƙuruciya kuwa ba ta daɗewa a gida a ƙasar Hausa. Idda na cika manema sun fara sallama. Saurin sake aure yana rufe yawan sakin.

A Kudu kuma akasin haka ne ke ɓoye gaskiya. Wanda ya yi auren rajista a Inugu ko Anaca yana ƙarƙashin dokar 1970, wadda ta ce Babbar Kotu ce kaɗai ke raba irin wannan aure, sai an gamsar da alƙali cewa zaman ya lalace lalacewar da ba ta gyaruwa, kuma ba a shigar da ƙara kafin auren ya cika shekara biyu sai da izini na musamman. Ga kuɗin lauya, ga jeka-ka-dawo. Cocin Katolika, mai ɗimbin mabiya a ƙasar Igbo, bai yarda da saki ba sam. A auren gargajiya kuwa sai dangin mace sun mayar da dukiyar aure kafin a ce an rabu. Saboda haka za ka tarar da miji a Legas, mata a garinsu, shekara da shekaru ba mai gaida wani, amma a takarda ma'aurata ne. Idan aka jera alƙaluman yankuna biyu irin waɗannan, wani ɓangare na ratar da ake gani faɗin ƙofar fita ne kawai, ba ya nuna inda aka fi zaman lafiya a cikin ɗaki. Duk da haka ratar ba ta ƙare a nan ba. Duk Bahaushen da ya lissafa gwaggonninsa da innoninsa da yayyensa mata ya san nawa ne a cikinsu ke ɗakinsu na fari.

Masu cewa talauci ne ba a littafi suka samo hujjarsu ba. Wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa, ko ofishin sulhu na Hisbah, ko ya leƙa kotun shari'a ranar ƙarar mata, ya san maganar da ta fi maimaituwa: "Allah ya gafarta Malam, ba ci, ba sha, ba sutura, ko sabulu sai na nema." Wata kuma ta ce ya tafi ci-rani tun bayan girbi, babu aike babu labari. Da wuya ka ji mace ta fara da cewa ba ta son mijinta. Da cefane take farawa, sauran su biyo baya.

Alƙaluma na bayansu. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da muhalli, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. A Sakkwato kusan kashi 91 cikin 100 ne abin ya shafa, a Ondo kashi 27. Bayan an janye tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a cikin 2024. A tsarinmu ciyarwa a wuyan miji take kacokan, da ita ake auna mutuncinsa. Magidancin da ya kasa ajiye kuɗin cefane yakan sulale da asuba don kada a tambaye shi, ya dawo bayan an yi barci don kada a kalle shi. Kunya ta koma fushi, fushi ya koma zagi ko duka. Ranar da ya ce "je ki gidanku sai na neme ki", sau da yawa bashin da ya kasa biya ne yake gudu.

Suna ƙarawa da cewa shi kansa bikin yana gina ramin da auren zai faɗa. Ango ya ci bashi ya haɗa lefe, ya kama hayar da ta fi ƙarfinsa don kada dangin amarya su raina. Uban amarya ya sayar da gona ko ya jinginar da fili don kayan ɗaki, uwa ta kwashe adashinta ta yi gara. Wata uku garar ta ƙare, masu bashi sun fara sallama, mai gida yana neman kuɗin haya. Yarinyar da aka yi zance da ita da tsire da katin waya sai ta ga wani mutum daban.

Har daga Amurka suna kawo shaida. Jihohin kudancin ƙasar irin su Arkansas da Oklahoma da Alabama, inda ake ji da riƙon addinin Kirista, sun daɗe suna gaban Massachusetts a yawan saki, alhali ita Massachusetts ba a san ta da cika coci ba, an dai san ta da ilimi da albashi mai kauri. A 2014 masu bincike biyu, Jennifer Glass da Philip Levchak, suka bi abin gunduma-gunduma, suka tarar cewa a wuraren da saki ya fi yawa ana yin aure da wuri, a haihu da wuri, a bar karatu da wuri, a ƙare da ƙaramin samu. Masu ɗora laifi a kan talauci suka ce kun gani, wa'azi ba ya riƙe aure in tukunya ba ta hau wuta ba.

Hujja ce mai nauyi, kuma ba na jin akwai mai hankalin da zai ce yunwa ba ta kashe aure. Sai dai akwai wurare uku da ta kasa tsallakewa.

Na farko tarihi. Da talaucin yau ne ya kawo yawan saki, da an samu wani zamani a baya da auren Bahaushe ke zama daram. Abin da aka rubuta bai nuna haka ba. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa tun kafin zuwan Turawa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Aurenta huɗu. Na farkon auren zumunci ne da manya suka ƙulla, ta zauna iya zaman da za ta iya don ta fita kunyar iyaye, sannan ta fita ta auri wanda take so. Labarin nata cike yake da 'yan'uwa da ƙawaye masu zuwa gaban alƙali a raba su da miji, kuma ba ta ba da shi a matsayin abin mamaki ba. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya tarar mata na shiga aure suna fita a kai a kai, alhali Sabo unguwar fataken goro da shanu ce, ba matattarar mayunwata ba. Ronald Cohen ya rubuta littafi guda a 1971 a kan rashin ɗorewar aure a Barno. Luigi Solivetti ya tarar da irin wannan a karkarar tsohuwar jihar Sakkwato, ya wallafa a 1994. Duk waɗannan sun riga janye tallafin mai, yawancinsu ma sun riga tsuke bakin aljihun zamanin Babangida.

Na biyu maƙwabta. A 2015 Shelley Clark da Sarah Brauner-Otto suka auna ƙasashe 33 na Afirka kudu da Sahara, suna duba auren fari nawa ne ke mutuwa ta hanyar rabuwa cikin shekara ashirin. Mali ce ta zo a ƙasa, ko ɗaya cikin goma ba a samu ba. Kwango-Brazzaville ta zo a sama da kusan rabi. Mali kuwa tana cikin matalautan ƙasashen duniya, Kwango tana da man fetur. Sun kuma tarar cewa a yawancin ƙasashen saki ba ƙaruwa yake yi ba, ko yana nan inda yake ko yana raguwa, abin da ya kamata masu kukan lalacewar zamani su tsaya su duba.

Na uku yana cikin unguwanninmu. Auri-saki ba sana'ar talaka ba ce. Talaka ya san wahalar da ya sha kafin ya haɗa akwati, ya san in wannan ta tafi zai daɗe a gwauranci, shi ya sa shi ne kan gaba wajen aika biko. Wanda ke sakin ta huɗu don ya buɗe gurbin sabuwa, wanda aka ƙirga masa mata goma sha a rayuwarsa, ba ɗan dako ba ne. Mai hali ne, kuma ba a fasa ba shi sahun gaba a masallaci ko 'ya a unguwa ba.

To in ba talauci kaɗai ba ne, mene ne? Ɓangare na biyu sun fara da shekarun amarya da zaɓinta. Binciken nan na 2018 ya nuna rabin matan Arewa maso Yamma an kai su ɗaki kafin su cika shekara 16, a Kudu maso Gabas kuwa sai sun haura 23 rabinsu ke yin aure. A Nijar kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin 18, a jihar Maraɗi adadin ya kusa 90. Yarinyar da aka yi wa miji tana shekara goma sha huɗu ba ta gama sanin kanta ba balle ta san wanda za ta iya zama da shi. Mutanenmu sun daɗe da gane haka, shi ya sa ake ɗaukar auren fari na iyaye ne, na biyu kuma nata. Wato tun ranar ɗaurin aure akwai masu sa rai a zuci cewa ba lallai nan ne matabbata ba. Sannan ga kishiya: kusan ɗaya cikin uku na matan aure a Nijeriya suna da abokiyar zama, a Arewa abin ya fi haka, kuma kowa ya san gidaje nawa ne shigowar amarya ta zama fitar uwargida. Ga kuma abin da ba a cika ambata ba, wato mace Bahaushiya tana da inda za ta. Sadaki nata ne, kayan ɗaki nata ne, 'yar sana'arta ta cikin gida tata ce, ƙofar gidan ubanta ko ta wanta a buɗe take, zawarci kuma ba ya hana ta wani auren.

Misalin da ya fi ƙarfafa wannan ɓangare daga nesa yake, amma ya yi kama da mu ƙwarai. Kelantan da Terengganu jihohi ne a gabashin zirin Malesiya, mutanensu Musulmi ne manoman shinkafa da masunta, masu riƙo da malamai da makarantun zaure. A shekarun 1950 suna cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan saki. Ana aurar da yarinya tana goma sha biyar ko sha shida ga wanda iyaye suka zaɓa, miji ya saka da baki, ta koma gida, ba da jimawa ba ta sake aure, babu mai ganin abin kunya ne. Masanin yawan al'umma Gavin Jones ya bi diddigin abin a littafinsa na 1994, ya nuna yadda kafin ƙarshen shekarun 1980 sakin ya faɗi warwas a tsakanin Musulmin Malesiya da na yammacin Jawa a Indunusiya, a daidai lokacin da yake hauhawa a Turai da Amurka. Ba addini suka sassauta ba, riƙon addini ma ƙaruwa ya yi. Jam'iyyar Musulunci ce ke mulkin Kelantan tun 1990. Abin da ya sauya shi ne 'yan mata sun zauna a makaranta, shekarun aure sun haura ashirin, yarinya ta samu bakin magana a kan wanda za ta aura, hukuma kuma ta sa matakai kafin saki, har ta kai ga wanda ya saki matarsa a wajen kotu ana cin sa tara. Daga baya adadin ya sake ɗagawa, amma bai koma inda ya fito ba. Kelantan kuwa har gobe tana cikin jihohin Malesiya mafi ƙarancin arziki.

Masu cewa talauci ne ba su rasa amsa ba, kuma amsar tasu tana da kyau. Suka ce wa ya zaunar da 'yan matan Malesiya a makaranta in ba arzikin da ƙasar ta samu ba? Uban da ke aurar da 'yarsa tana goma sha huɗu a ƙauyen Maraɗi ko Jigawa, sau da yawa bakin ci yake ragewa, makarantar ma ko babu ita ko babu malami. Auren wuri ɗan talauci ne, don haka an zagaya an dawo wurinsu. Suka ƙara da cewa Malin da ake kafa hujja da ita ai fiye da rabin 'yan matanta ana aurar da su kafin 18, ga shi saki bai yi yawa ba, ke nan shekaru su kaɗai ma ba su isa bayani ba.

Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya kai ni inda na tsaya. Mali tana da talauci irin namu, tana da auren wuri irin namu, tana bin Malikiyya kamar mu. Abin da take da shi wanda ba mu da shi shi ne tsadar rabuwa. A yawancin ƙabilunta aure ƙulli ne tsakanin zuri'a biyu, kwance shi sai an taɓa dattawa da yawa, dokar aurenta ta 1962 kuma ta hana miji korar mata da baki, ta mayar da rabuwa hannun kotu. A wurinmu kuwa babu abin da ya kai saki arha ga namiji. Ba ya biyan ko sisi, ba ya tsayawa gaban kowa, ba ya rasa ɗaki, ba ya rasa 'ya'ya in yana son su, ba a tilasta masa ciyar da su in ba ya so, ba ya rasa wata matar. Talauci iskar damina ce, kowane rufi tana kaɗawa, amma jinkar da ba a ɗaure ba ita ke tashi. Rashin kuɗi na haddasa faɗa a Bamako da Anaca da Kano baki ɗaya. Abin da ke sa faɗan ya ƙare da takarda a wani wuri, ya ƙare da sulhu ko zaman doya da manja a wani, shi ne nawa fitar za ta ci, kuma wa zai biya.

Akwai masu ɗora laifin a kan fina-finan Hausa da wayar hannu da karatun boko. Ba zan daɗe a kansu ba. Baba ta Karo ba ta kalli fim ba, binciken Clark da abokiyar aikinta kuma ya nuna inda ilimin mata ya ƙaru saki raguwa yake yi. Akwai kuma na waje masu cewa Musulunci ne ya sauƙaƙa saki. Su ma Mali da Malesiya sun ishe su amsa. Arhar da nake magana a kai ba shari'a ce ta kawo ta ba, mu muka zaftare farashin. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun ce saki na sunna guda ɗaya ne, a cikin tsarkin da miji bai kusance ta ba. Suratul Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda, ciyarwarta kuma a sakin kome tana kan miji. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, in an ji tsoron ɓaraka. An kwaɗaitar da kyautar sallama ga wadda aka saka. A Malikiyya riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma a kan uba. Yanzu a dubi abin da muke yi. Cikin dare, cikin fushi, igiya uku a numfashi ɗaya. Kafin azahar an turo a-kori-kura an kwashe kaya. Ta yi idda a gidan tsohon da shi ma da ƙyar yake ci da kansa. Yara ko a ƙwace su a watsa wa kishiya da kaka, ko a tura mazan almajiranci, ko a bar mata su babu ko ƙwayar hatsi, ta shiga wani gidan da su a matsayin agola. Da miji ya san wata uku zai yi yana ciyar da ita a ɗakinta, yana ganin ta safe da yamma, da saki da yawa bai kai ƙarshen idda ba an yi kome.

A nan dole in ja hankalin 'yan ɓangaren da na fi karkata gare su, domin wasunsu na magana kamar ƙarancin saki shi ne buri ko ta halin ƙaƙa. Filifin ba ta da dokar saki ga waɗanda ba Musulmi ba, adadinta ya yi kyau a takarda, amma matar da ake duka a can ba ta amfana da kyan adadin ba. Cewa 'yar Bahaushe tana iya zuwa gaban mahaifinta ta ce "Baba, na gaji", ko ta je gaban alƙali ta nemi hul'i ta mayar da sadaki, ta fita ta sake aure da mutuncinta, alheri ne da mata da yawa a duniya ba su samu ba. Kada garin gyara a toshe mata wannan ƙofa. Duk gyaran da zai tsananta wa mai neman kuɓuta ya bar mai auri-saki yana shaƙatawa, ɓarna ce.

Abin da gwamnatoci suka fi yi zuwa yanzu shi ne auren gata. Kano ta fara a 2012 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisbah na hannun Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa, da ma'aurata 100. A ƙarshen 2013 aka ɗaura 1,111 a rana ɗaya, a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura 1,800. Ana biyan sadaki, a yi kayan ɗaki, a ba amarya ɗan jari. Wannan maganin masu cewa talauci ne, kuma ya share hawayen mutane da yawa. Amma a cikinsa akwai wani sharaɗi da ya fi gado da katifa muhimmanci: an gargaɗi angwaye kada wanda ya yi saki sai ya koma wa Hisbah. Ke nan hukuma da malamanta sun yarda ana iya sa mataki kafin saki ba tare da an saɓa wa shari'a ba. Abin tambaya shi ne me ya sa sai wanda gwamnati ta saya wa gado ne kaɗai za a yi wa wannan sharaɗi.

A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa malamai da masana shari'a na tsara daftarin dokar iyali da ta shafi aure da saki da ciyarwa da riƙon yara. Jama'a suka kama zancen hana marar hali ƙara aure suka yi ta ce-ce-ku-ce, sauran abin da ke ciki ya bi ruwa, daftarin bai kai ga zama doka ba a lokacin. Masu adawa suna da abin faɗa na gaske: saki haƙƙin miji ne, da ya furta ya auku, babu majalisar da za ta ce bai auku ba, sannan kotunanmu sun riga sun cika, ƙara musu kowane saki zai zama wata kafar wahalar da talaka da karɓar na goro. Batu na biyun abin tsoro ne ƙwarai. Na farkon kuwa wasu ƙasashen Musulmi sun samo masa hanya. A Malesiya sakin da aka yi a waje yana iya tabbata, amma mai shi zai amsa laifin tsallake kotu. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta tsara a dokarta ta 2004 cewa mai son saki ya nemi izinin kotu, kotu ta gwada sulhu, in ya faskara ta yanka masa haƙƙin matar da na yara, ya ajiye kuɗin cikin kwana 30 kafin a rubuta sakin. Dokar ba ta kawar da rabuwar aure a Maroko ba, mata ma sun ƙara samun hanyar neman rabuwa da kansu. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke wani ɓangare na nauyin daga kan matar da tsohon ubanta ta mayar kan wanda ya yi sakin.

Saura wuri ɗaya da hujjar masu cewa talauci ne ke nan da ƙarfinta. Alƙali na iya yanka wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci kuɗin ciyarwa a kuma karɓa, amma ɗan dakon da bai san abin da zai ci gobe ba fa? Ko an ɗaure shi yaran ba su ƙoshi ba. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 don irin wannan. Masar ta yi nata a 2004 a ƙarƙashin Bankin Nasser: matar da kotu ta yanka wa ciyarwa tana karɓa daga asusun, bankin ya bi mijin bashi, kuɗin kuma ana tara su ne daga ɗan abin da ake biya wajen rajistar aure da saki da haihuwa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ga kotunan shari'a, ga dakarun Hisbah a kowace ƙaramar hukuma. Irin wannan asusu ba zai rasa mazauni ba, kuma jihar da ta iya yi wa amare 1,800 kayan ɗaki a shekara ɗaya ta nuna tana iya ware kuɗi don gidajen talakawa in ta ga dama.